Ƙuri'a, Bindiga da Gora: Waiwaye Kan 'Yancin Mazaunin Yerwa

 

'Yan uwa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisunmu na nan Ajilari. Samarinmu suna cewa ƙungiya ta rubuta wa hukuma takarda a ba kowane magidanci lasin na riƙe bindiga. Dattawa suna cewa a'a, a dai matsa wa kowa ya je ya yanki katin zaɓe. Akwai kuma kashi na uku masu cewa mu baƙi ne, ba ruwanmu da ƙuri'a ba ruwanmu da bindiga, mu yi cinikinmu mu yi shiru. To, ni ba lauya ba ne, ɗan kasuwa ne, amma na ga ya kamata mu waiwayi baya tukuna, domin duka ukun nan an taɓa gwada su a wannan gari.

Bari in fara da masu cewa mu baƙi ne. Shi kansa garin Yerwa a shekarar 1907 aka kafa shi, zamanin Shehu Garbai, kuma unguwar Hausari tana cikin tsofaffin unguwanninsa. Amma ba wannan ce hujjata ba. Hujjata ita ce abin da ya sami Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman.

Yaran yanzu ba su san wannan labari ba. A zaɓen 1979 jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim, mai taken siyasa ba da gaba ba, ita ta ci Jihar Barno, Muhammadu Goni ya zama gwamna, alhali kuwa NPN ta Shehu Shagari ke riƙe da gwamnatin tarayya a Ikko. Shugaba Darman shi ne shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jiha, mutum ne mai baki, mai jama'a. Ran 24 ga Janairun 1980 jami'an shige da fice suka zo suka ɗauke shi a nan Maiduguri da takardar kora daga Ministan Cikin Gida, Alhaji Bello Maitama Yusuf, suka kai shi suka tsallakar da shi ƙasar Chadi, wai shi ba ɗan Nijeriya ba ne. Ku duba fa, mutumin da jama'a suka zaɓa, yana tsara wa jiha doka, dare ɗaya aka ce baƙo ne!

Magana ta je Babbar Kotun Maiduguri. Gwamnati ta tsaya a kan cewa mahaifinsa daga wajen Chadi ya fito, har aka kawo wata tsohuwa daga can aka ce ita ce uwarsa. Shi kuwa ya kawo shaidu cewa mahaifiyarsa 'yar nan ce. Kotu ta ce ko da uba daga waje yake, tsarin mulkin 1979 ya ba shi zama ɗan ƙasa ta wajen uwa, kuma ba mai ikon korar ɗan ƙasa daga ƙasarsa. Aka soke takardar kora, aka yanke masa diyyar Naira 350,000, a lokacin da Naira take Naira. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara zuwa Kaduna, can ma aka tabbatar da cewa ɗan ƙasa ne, sai dai an rage kuɗin diyyar.

Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne, ba dangi ne suka dawo da Shugaba gida ba, ba kuma makami ba. Rubutacciyar doka ce da alƙalin da ya tsaya a kanta. Wannan doka kuwa tana nan a tsarin mulkin 1999, sashi na 41: ɗan Nijeriya yana da ikon tafiya da zama a duk inda ya ga dama cikin ƙasar. I, na sani, takardar shaidar asali tana hana 'ya'yanmu da aka haifa a nan wasu guraben karatu da aikin gwamnati, kuma wannan ciwo ne na gaske da ke damun duk mai zaman wata jiha a Nijeriya, ba mu kaɗai ba. Amma katin zaɓe ba ya tambayar garin kakanka. Inda ka yi rajista nan za ka jefa ƙuri'a.

Ita ƙuri'ar nan da wasu ke rainawa, ba a tsinta a hanya aka yi ba. A zaɓen 1951 talakan Arewa ba ya zaɓen wakili kai tsaye. Hawa-hawa ake yi, 'yan unguwa su zaɓi wasu, waɗannan su zaɓi wasu, kafin a kai sama 'yan En'e sun tace wanda ba sa so. Haka aka zubar da 'yan NEPU a Kano bayan sun ci matakin farko. A nan Barno, samari suka kafa jam'iyyar BYM a 1954, Ibrahim Imam ya bar muƙaminsa na babban sakataren NPC a 1956 ya shige ta, suka ƙulla ƙawance da NEPU ta Malam Aminu Kano. Abin da magoya bayansu suka sha na ɗauri da duka da ƙone-ƙone, tsofaffinmu sun ba mu labari. A zaɓen tarayya na 1959 aka yi zaɓe kai tsaye a Arewa, amma maza zalla, alhali matan Kudu suna jefa tasu. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha shiga kurkuku a kan wannan magana. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 iyayenmu mata suka fara jefa ƙuri'a, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar musu, ya kuma sa shekarun mai zaɓe 18. Wato dai da yawa daga cikinmu mun girmi ƙuri'ar uwayenmu.

Ni ƙuri'ata ta shugaban ƙasa ta farko ita ce ta 12 ga Yunin 1993. Abiola ya ɗauki ɗan Barno, Babagana Kingibe, Bashir Tofa kuwa Bakano ne, saboda haka Bahaushen Maiduguri ya rasa ina zai sa kansa, gida ko masauki. Muka sha rana a layi, kafin wata ya ƙare Janar Babangida ya soke zaɓen. Masu cewa ƙuri'a ba ta da amfani da wannan suke kafa hujja, kuma ban ce ba su da gaskiya ko kaɗan ba. Sai dai in tuna musu 2015, lokacin da aka ɗage zaɓe daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris saboda yaƙin da ake yi a ƙasar nan tamu, amma mutane suka fito, har 'yan gudun hijira suka yi layi a Maiduguri, aka kuma kayar da shugaba mai ci a karo na farko a tarihin Nijeriya.

Saura bindiga. Barno ta san bindiga tun zamanin Mai Idris Alooma, wanda ya yi yaƙi da 'yan bindigar da Turkawa suka horar. Ta kuma san ɗacinta a 1893, sa'ad da Rabeh ya zo da mutane kaɗan masu bindigogi ya ci rundunar Shehu ya rushe Kukawa. Dokar da ake aiki da ita ta makamai tun 1959 take. Ta kasa bindiga kashi uku: ta yaƙi, wadda sai da izinin shugaban ƙasa, irin ta farauta mai harsashi, wadda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasin, sai bindigar toka ta maharba, wadda ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Samarinmu masu sauraron rediyo suna kawo misalin Amurka, inda tun 1791 tsarin mulkinsu ya ba mutum ikon ajiye makami. Gaskiya ne. Amma a wannan rediyon dai muke jin an shiga makaranta an harbe yara, su ma can gardamar ba ta ƙare ba. Suna kuma kawo Gwamna Masari na Katsina a 2021 da Gwamna Matawalle na Zamfara a 2022, da suka ce jama'a su nemi makami su kare kansu. Shin bayan wannan kira 'yan bindigar daji sun bar ƙauyukan?

Ba na raina tsoron samarin nan. Mu a wannan yanki mun ga tarzomar Bulumkutu ta Oktoban 1982 muna yara. Mun ga Yulin 2009. Mun ga hana hawa babur a 2011, da dokar ta-ɓaci ta Mayun 2013 da aka yanke wayar salula, mutum ba ya iya sanin ko ɗansa ya isa kasuwa. Mun ɗauki gawawwaki a nan Ajilari a watan Maris na 2014, muka sake ɗauka ran 20 ga Satumban 2015. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amma ina tambaya, bindigar da ke ƙarƙashin katifa me za ta yi wa bam ɗin da aka tayar a masallaci ko gidan kallon ƙwallo?

Abin da ya kori Boko Haram daga cikin gari a tsakiyar 2013 ba bindiga ba ce. A Hausari abin ya faro, samari suka fito da gora da adda, shi ya sa ake ce musu 'yan Kato da Gora. Ƙarfinsu shi ne sun san kowa, sun san gidan da baƙon ido ya kwana, kuma sun daina jin tsoron nunawa. Duk da haka, kada mu rufe ido: a shekarun nan nuni da yatsa kaɗai ya isa a tafi da mutum, ba alƙali ba shaida, kuma ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoto a 2015 cewa mutum fiye da 7,000 sun mutu a tsare a hannun soja, ko da yake soja sun musanta. In gora ta iya haka, ku kwatanta ranar da kowane mai gaba da maƙwabcinsa yake da harsashi. Kuma wa za a fara zargi in an shigo bincike gida-gida aka tarar da bindiga? Wanda dama ana ce masa baƙo.

Saboda haka in an zo zama a kan takardar nan ta neman lasin, ni ba zan sa hannu ba, kuma zan faɗi dalilina a gaban kowa. Shawarar da zan kawo a madadinta ita ce a naɗa mutum biyu a kowane layi su bi gida-gida su rubuto sunayen matan aure da samarin da suka cika 18 ba su da kati, da waɗanda katinsu ke nuna Kano ko Gusau alhali shekara goma suna nan, domin in hukumar zaɓe ta buɗe rajista a raka su a yi musu canjin rumfa. Kuɗin Keke Napep na layinmu na ɗauka.