Hanyar masu yawon buɗe ido a Sudan: daga Bajarawiya zuwa Bahar Maliya

Kafin yaƙin 15 ga Afrilun 2023, iyalai masu hannu da shuni kan tashi daga Khartum da hunturu, su kwana a tantunan alfarma kusa da dalar Meroe a Bajarawiya, tafiyar kilomita kusan 200. Daga nan sai Atbara, sai Port Sudan, inda ake hayar jirgin ruwa zuwa Sanganeb domin nutso cikin murjani. UNESCO ta sa Sanganeb cikin wuraren gadon duniya a 2016.

Baƙi kan je Sawakin kallon kangaye. Bahaushen Umbadda kuwa ya san ta a matsayin tashar da kakanninsa suka tsallaka zuwa Jidda aikin hajji.

Yaƙin ya tsayar da harkar cik. Port Sudan ta cika da 'yan gudun hijira.