Daga Takaba Zuwa Zawarci: Matar Mamaci a Tarihin Ƙagaggun Labarai

Kafin a shiga zancen littattafai, ya kamata a dubi kalmomi. Bafaranshe yana da kalma guda ta matar da mijinta ya mutu, kuma tana bin ta har ta sake aure ko ta koma ga Allah. A Hausa ana ce mata mai takaba, amma takaba tana da iyaka: wata 4 da kwana 10, kamar yadda aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta ƙayyade, in kuwa tana da juna biyu sai ta haihu. Ranar da ta fita, sunanta bazawara, daidai da wadda aka saka. Kalmar ba ta waiwayar mamaci, ga zawarci take duba, watau neman aure. Ashe sake aure bayan rasuwar miji tsohon abu ne a harshenmu da shari'armu. Abin da ya daɗe bai samu shiga rubutu ba shi ne zuciyar matar kanta.

Mu fara da littattafan da gasar 1933 ta haifar, wadda Rupert East ya shirya a Zariya. A cikin Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, uban yaron ya rasu tun farkon labari, uwar ta auri Makau, wani bafaden sarki. An wuce wurin da sauri, kamar yadda mai ba da tarihin sarauta kan wuce sunan da ba shi da yaƙi. Marubucin bai tsaya kan baƙin cikinta ba, balle yadda ta ji da sabon miji. Sai da aka sace ɗanta ta bi shi hamada sa'an nan muka ga abin da ke ranta, shi ma son uwa ne ga ɗa.

Shekaru kusan 50 aka yi kafin mata su kama alƙalami. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid ya fito a 1980, bayansa kuma aka yi ambaliyar littattafan soyayya na Kano, waɗanda suka cika kasuwannin Maraɗi da Damagaram. Sai dai mafi yawansu labarin saurayi da budurwa ne, da auren dole, da iyaye masu kwaɗayin dukiya, kamar In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991. Balaraba Ramat Yakubu ita ce ta matso kusa da babbar mace: a Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, Rabi uwar ƴaƴa ce da miji ya kora, ta kama sana'ar abinci ta riƙe gidanta. Amma wannan saki ne, kuma fushi ne ke tafiyar da labarin, ba makoki ba.

Ga ƴan Nijar da suka bi lakkwal, matar mamaci ta fara magana da bakinta ne da Faransanci, daga Senegal. Littafin Mariama Ba, Une si longue lettre, ya fito a 1979, ya ci kyautar Noma a 1980. Ramatulaye tana cikin takabar mijinta take rubuta wa ƙawarta doguwar wasiƙa. Ɗan'uwan mijin ya nemi aurenta, ta ƙi; tsohon masoyinta, likita mai mutunci, ya dawo, shi ma ta ƙi, domin ba ta son ta yi wa matarsa abin da aka yi mata. A nan marubuciyar ta ba bazawara ikon ƙi. Ikon so kuwa ba ta kai gare shi ba, ko kuwa zamaninta bai bar ta ba.

Wanda ya taka wannan wurin shi ne Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos, a littafinsa na Turanci Season of Crimson Blossoms, na 2015. Hajiya Binta tana da shekara 55, an kashe mijinta a rikicin Jos, ta koma zama a gefen Abuja. Wani matashi ɗan daba mai sayar da wiwi, Reza, ya haura gidanta sata, daga nan sha'awa ta shiga tsakaninsu ba tare da aure ba. A ganinmu ƙarfin littafin yana wurin da ya nuna makoki biyu ne a zuciyar Binta. Bayan na miji, akwai na ɗanta na fari da ƴan sanda suka harbe, wanda kunya ta hana ta kiran sunansa ko nuna masa ƙauna yana raye. Fuskarsa take gani a fuskar Reza. Duk Bahaushen da ya san alkunyar ɗan fari ya san nauyin wannan. Ga kuma wani dattijo da ke zawarcinta ta hanyar da kowa ya yarda da ita, ita kuwa ba ta jin kome game da shi. Labarin ya ƙare da jini. Littafin ya ci kyautar adabi ta Nijeriya a 2016, mai dala 100,000, aka fassara shi da Faransanci a 2018.

Abin lura ga ma'aikatan yaƙi da jahilci shi ne, littattafan nan biyu da suka fi shiga zuciyar matar mamaci, babu wanda aka rubuta da Hausa. Tun da aka kafa ma'aikatar karatun manya a 1963, abin da aka fi bugawa don waɗanda suka iya karatu shi ne ƙasidu na noma, da tsabta, da lissafin ƙungiyoyin manoma. Suna da amfani, amma ba a kwana ana karanta su. A azuzuwan mata kuwa akwai zawarawa da dama, kuma su ne suka fi samun sukunin zuwa. Matar da ta gama koyon baƙaƙe, in ba ta tarar da abin da zai ja ta ba, kafin damina biyu karatun ya zube. Yau da yawansu sun koma ga labaran da ake yaɗawa ta WhatsApp da Facebook, inda ake samun zawarawa a matsayin taurari, sai dai da rubutun da babu ƙa'ida, babu ƙugiya a kan ƙ da ɗ da ɓ. Tattara waɗannan labarai, da tantance nawa ne a cikinsu ƴan Nijar suka rubuta, aiki ne da ke jiran masu bincike.