Rediyon Masu Sha'awa

Rediyon masu sha'awa hanya ce ta sadarwa wadda mutum ke kafa ƙaramar tasha a gidansa, bisa lasisin hukuma, yana zantawa da takwarorinsa na nesa, ba don kasuwanci ba. Kowace tasha tana da lambar kira: akasarin na Najeriya suna farawa da 5N, na Nijar kuwa da 5U. An kafa ƙungiyarsu ta duniya, IARU, a birnin Paris a 1925.

Gajeren zango ne ke kai muryar nesa. Igiyarsa kan bugi wani sashe na sararin samaniya, ta dawo ƙasa a tazarar dubban kilomita. Ta haka manomi a ƙauyukan Ɗambatta ko Bichi ke kama Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, da 'yar rediyonsa mai batir. Shi saurare kawai yake yi, mai lasisi kuwa yana mayar da magana, daga baya a yi musayar katin QSL don shaidar an haɗu.

Amfaninsa kan bayyana ranar da ambaliya ko guguwa ta katse layukan waya, domin batir da eriya sun wadatar da shi.