Babban Tsanani da Kiristocin Arewacin Kaduna

Duk wanda ya san Kaduna kafin shekarar 2000 ya san cewa a Tudun Wada da Kawo da Unguwar Rimi, Musulmi da Kirista gida guda suke haya, rijiya guda suke ɗibar ruwa. Da wannan zama ya watse, Kiristoci da yawa sun nemi ma'anar abin da ya same su a cikin annabcin Littafi Mai Tsarki.

Wurare uku ne ginshiƙin zancen: littafin Daniyel, da Matiyu sura 24, da Wahayin Yahaya. A nan ne aka yi maganar yaƙe-yaƙe da yunwa da tsananta wa masu bi kafin dawowar Almasihu. Mai karatun Hausa ya sami waɗannan surori cikin cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya taka rawa a cikinsa.

To amma fassara ba ɗaya ba ce. A ƙarni na 19, John Nelson Darby ya koyar a Ingila cewa za a fyauce masu bi zuwa sama, sannan duniya ta shiga babban tsanani na shekara bakwai. Littafin Scofield na 1909 ya baza wannan ra'ayi a Amurka, ya kuma iso ƙasar nan ta hannun masu bishara da dama, har ya zauna daram a majami'u masu yawa. Malaman Katolika da na Angilikan kuwa sun fi danganta mafi yawan ayoyin da rushewar Urushalima a shekara ta 70 miladiyya da kuma azabar da Rumawa suka gana wa Kiristocin farko.

Da can wannan saɓani na ajin tauhidi ne kawai. Rikicin Kafanchan na Maris 1987 da na Zangon Kataf na Mayu 1992 suka kawo shi bakin ƙofa, domin dukansu sun fantsamo cikin Kaduna. Sai kuma tarzomar 21 ga Fabrairu 2000 kan batun shari'a, da ta Nuwamba 2002, inda aka kashe Musulmi da Kirista, aka ƙona masallatai da majami'u. Ga wanda gidansa ya zama toka, babban tsanani ya daina zama labarin gobe.

Wasu suka ɗauka alamun ƙarshe ne, babu mai iya tare su, suka tsallaka kogi zuwa Sabon Tasha da Narayi, yayin da Musulmin kudu suka yo arewa. Wasu kuwa suka riƙe cewa Matiyu 24 ɗin nan ta ce babu wanda ya san ranar, sura ta 25 kuma ta auna mutum da yadda ya ciyar da mayunwaci ya sauki baƙo. Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannunsa na dama a 1992, ya haɗa kai da Imam Muhammad Ashafa, har aka kai ga yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a Agusta 2002.

Bayan rabuwar, mutanen gari suka laƙaba wa arewa Makka, kudu kuma Sabuwar Urushalima. Abin lura shi ne, a ƙarshen Wahayin Yahaya kogin da ke cikin Sabuwar Urushalima ratsa birnin yake yi, ganyen itacen bakinsa kuma na warkar da al'ummai ne.

'Yan'uwa marubuta, waɗanda suka tsallaka gadar nan da kaya a ka suna nan da ransu, sun kuwa fara tsufa. Mu je mu ji ta bakinsu tun kafin ƙasa ta rufe labarin.