Hannu ko na'ura: daga ɗan dabon kasuwar Shinkafi zuwa akwatin 1856

1/ Daren jiya musu ya kaure a ɗakinmu kan wani bidiyo: bature a kan dandamali yana faɗa wa wata mata lambar da ta rubuta a ɓoye. Wani ya ce aljanu ne, wani ya ce manhaja ce kawai. Ni kuwa sai na tuna ɗan dabon garinmu. Ku biyo ni, akwai tarihi a ciki. 🧵

2/ Muna yara, ran Alhamis in kasuwar Shinkafi ta cika, akan samu mai rufa-ido ya shimfiɗa buhu, jama'a sun yi masa zobe. Rana tsaka, ba labule, yara a bayansa suna leƙen hannun riga. Ya sa kwabo a tafin kawuna, ya ce damƙe. Kawu ya buɗe, wayam. Abin aikinsa hannu ne da baki, sai yaronsa da ya saje da 'yan kallo.

3/ To masu cewa na'ura ce ta zo jiya ta lalata sana'ar, ku tsaya. Tun 1856 ake wannan rigima, kuma a ƙasar Musulmi aka yi ta.

4/ A shekarar, hukumomin mulkin mallakar Faransa a Aljeriya sun damu da shehunan da ake kira marabu, waɗanda jama'a ke bi saboda abubuwan mamaki da suke nunawa. Sai aka gayyato Robert-Houdin, mai gyaran agogo da ya zama babban ɗan dabon Faris, ya zo ya nuna wai sihirin Faransa ya fi.

5/ Ƙarshen Oktoba, a gidan wasan birnin Aljiyas, gaban shugabannin ƙabilu, ya ajiye ɗan ƙaramin akwati. Wani ƙaƙƙarfa ya hau ya ɗaga shi cikin sauƙi. Bature ya ce yanzu na zare maka ƙarfi. Mutumin ya yi ta nishi, akwati ko gezau.

6/ Sirrin? Farantin ƙarfe a gindin akwatin, da maganaɗisun lantarki a ƙarƙashin dandamali. Daga baya aka sakar masa lantarki ta mariƙin, ya kwasa a guje. Ni dai wannan ban kira shi gwaninta ba. Wulaƙanta mutum ne da abin da bai taɓa gani ba, don a tsorata al'umma.

7/ Ga inda labarin ya fi min daɗi. Da ya shiga ƙauye, wani marabu ya ce to bari in harbe ka da bindigata mu gani. Nan babu dandamali, babu waya a ƙasa. Sai ya nemi a bar shi zuwa safe, wai zai yi addu'a.

8/ Da daddare ya ƙera harsashi da kaki, ya baƙanta shi, ɗaya ya cika da jini. Da safe, a gaban idon kowa ya musanya na gaske da na kaki. Aka harba, ya nuna harsashi a haƙoransa. Ya harbi bango, jini ya fito. Wato ranar da ransa ke kan layi, abin da ya cece shi irin na mutumin kasuwarmu ne: saurin hannu da dakiyar zuciya.

9/ A lura, shi ya ba da labarin nan a littafinsa na 1858, kuma ɗan dabo ba ya rasa ƙarin gishiri.

10/ Na'ura ta fi ɓarna in mai ita ya ce ba wasa yake ba. A Amurka, fasto Peter Popoff yakan kira sunan mara lafiya da adireshinsa da cutarsa, wai wahayi ne. A 1986 James Randi, shi ma ɗan dabo, ya kama muryar matarsa tana karanto masa bayanan ta rediyo zuwa ɗan abin da ke kunnensa. Daga katunan da mutanen suka cike da hannunsu take karantawa. 1987 ya tsiyace. Bayan shekaru ya dawo yana tallan ruwan mu'ujiza.

11/ Wannan ba baƙo ba ne a wajenmu. Mai rufa-ido ya karɓi ɗan abin da ka jefa masa, ka yi dariya ka wuce. Wanda zai ce ya ga matsalarka kafin ka faɗa, shi ke raba tsohuwa da akuyarta. Shi ko rediyo bai buƙata, yaron da ya yi maka sannu da zuwa a zaure ya riga ya kai labari ciki.

12/ Na bidiyon jiya kam, na fi zaton allon rubutun ne ke aika saƙo, don ana sayar da irinsa. Kwabon kawu ne har yau ban gano inda ya bi ba, kuma a gabana aka yi. Wanda ya san yadda ake yi, 'yan Ƙaura da Zurmi har da ku, ina jira a ƙasa.