Kisan Wani Marubuci Da Tarihin Lasisin Bindiga A Amurka

Ranar 23 ga Janairu 1911, da rana tsaka, wani marubuci mai suna David Graham Phillips yana tafe a ƙasa a unguwar Gramercy Park ta birnin Niyok, ya nufi kulob ɗin tsofaffin ɗaliban Jami'ar Princeton, sai wani mutum ya sha gabansa ya zaro ƙaramar bindiga ya ɗirka masa harsashi shida. Kafin jama'a su ankara, mutumin ya juya bakin bindigar ya harbe kansa. Aka kwashi Phillips zuwa asibitin Bellevue, washegari rai ya yi halinsa, yana da shekara 43 a duniya.

Phillips ba ƙaramin marubuci ba ne. A 1906 ya jera maƙalu a mujallar Cosmopolitan inda ya tona asirin sanatocin da manyan kamfanoni suka saye, ya kira su da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka da labarin harbin ya bazu, mai tunani zai ɗauka hannun 'yan siyasa ne. Ashe wanda ya yi aika-aikar, Fitzhugh Coyle Goldsborough, makaɗin goge ne irin na Turawa, ɗan babban gida, wanda ya yi karatu a Harvard. Ya karanta wani ƙagaggen labari na Phillips da ya fito a 1909, The Fashionable Adventures of Joshua Craig, sai ya ƙudurta a ransa cewa tauraruwar littafin, wata budurwa mai son duniya, 'yar'uwarsa ce aka sakaya suna aka ci wa mutunci. Duk wanda ya taɓa ƙirƙirar tauraro a cikinmu ya san irin wannan zargi, inda wani zai rantse da shi ake. Bambancin kawai shi ne mai zargin Phillips yana da taɓin hankali, yana kuma da bindiga a aljihu wadda ba wanda ya tambaye shi dalilin sayenta.

Wannan kisa shi ya haifi dokar da ta fi kowace shahara a tarihin lasisin ƙaramar bindiga a Amurka. Amma kafin mu zo gare ta, ya kamata mai karatu ya koma baya da kamar shekara ɗari, don ya ga yadda Amurkawa suke kallon makamin da aka ɓoye a cikin tufafi tun asali.

Tsarin mulkin Amurka, a gyara na biyu da aka yi masa a 1791, ya ambaci 'yancin jama'a na mallaka da ɗaukar makami. Duk da haka, a 1813 jihohin Kentaki da Luwiziyana suka kafa dokar hana yawo da makami a ɓoye, ko ƙaramar bindiga ce, ko babbar wuƙa, ko takobin da ake sakawa cikin sandar dogarawa. Indiyana, Jojiya, Bajiniya da Alabama suka bi sahu. Abin lura shi ne waɗannan jihohi ne na mutanen karkara masu alfahari da makami. Abin da suka ƙyamata shi ne ɓoyewar. A ganinsu namiji mai mutunci yakan rataya makaminsa inda kowa zai gani ya yi hattara, amma wanda ya cusa wuƙa a ƙugu ya rufe da riga, to mugu ne ko matsoraci, yana jiran gardama ta kaure a mashaya ya soki abokin faɗansa ba shiri. A 1822 kotun Kentaki ta soke dokar jiharta a shari'ar wani mutum da aka ci tarar dala 100 saboda takobin cikin sanda. Mutanen jihar ba su haƙura ba. Da suka zo sabunta tsarin mulkinsu a 1850 sai suka rubuta ƙarara cewa majalisa tana da ikon hana ɓoye makami. Kotunan Jojiya a 1846 da Luwiziyana a 1850 duk sun tsaya a kan cewa ana iya hana ɓoyewa muddin an bar mutum ya ɗauka a sarari.

Har garuruwan kaboyi da muka saba gani a silima, inda kowa ke rataye da libarba, ba haka suke ba a zahiri. A Tombstone, dokar gari ta 1881 ta ce baƙo ya ajiye makaminsa idan ya shigo, kuma shahararren artabun nan na O.K. Corral a watan Oktoban shekarar ya tashi ne lokacin da jami'ai suka je karɓe bindigogin wasu makiyaya.

Yawancin waɗannan dokoki hani ne a kan kowa. Lasisi kuwa wani abu ne dabam, domin shi yana nufin an hana jama'a amma an bar ƙofa, an kuma zaunar da wani mutum a bakin ƙofar. A nan gizo yake saƙar. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1865 an 'yanta bayi, jihar Misisifi ta kafa doka cewa 'yantaccen bawa ba zai riƙe bindiga ko harsashi ko babbar wuƙa ba sai da izinin hukumar gundumarsa. Farar fata ba ya buƙatar wannan takarda. Ba sai an faɗa wa mai karatu ko mutum nawa hukumar ta ba izini ba a lokacin da 'yan ta'addar farar fata ke bin gidajen baƙaƙe da dare.

To, mu komo Niyok ta 1911. Gari ne da ya cika maƙil da 'yan ci-rani daga Italiya, Ailan da gabashin Turai, ga 'yan daba unguwa-unguwa, ga ƙananan bindigogi masu araha a kantunan jingina. Wata biyar kafin kisan Phillips an harbi magajin garin kansa, William Gaynor, a wuya, ya dai tsira da ransa. Wani ma'aikaci a ofishin binciken gawa, George Petit le Brun, wanda ya gaji da ƙirga gawawwakin da harsashi ya kashe, ya ɗauki kisan Phillips ya rubuta wa manyan gari wasiƙu yana neman a yi doka. Wanda ya ɗauki ƙudurin zuwa majalisar jiha shi ne Sanata Timothy Sullivan, wanda ake wa laƙabi da Big Tim.

Wannan Sullivan abin a tsaya a dube shi ne. Jigo ne a ƙungiyar siyasa ta Tammany Hall, uban gidan talakawan unguwar Bowery, mai raba musu takalma da abincin Kirsimeti, kuma a lokaci guda uban gidan masu gidajen caca da 'yan bangar da ke tsare masa akwatin zaɓe. Masana tarihi har yau ba su daidaita a kan niyyarsa ba. Wasu sun ce tsakani da Allah ya gaji da ganin yaran unguwarsa suna kashe juna. Wasu sun ce sanda ya nema ta horar da 'yan daban da suka fi ƙarfinsa, domin da wannan doka ɗan sanda zai iya jefa wa mutum bindiga a aljihu ya kama shi. Ana ma ba da labarin wasu 'yan daba da suka sa tela ya ɗinke bakin aljihunansu don gudun haka. A nawa ganin babu abin da zai hana duka biyun su zama gaskiya. Ɗan siyasa yakan jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Dokar ta wuce da gagarumin rinjaye ta fara aiki a cikin 1911. Ta ce ajiye ƙaramar bindiga, ko a gida, sai da lasisi, yawo da ita ba lasisi kuwa babban laifi ne mai kai mutum kurkuku. A 1913 aka ƙara sharaɗin da ya zama zuciyar dokar: mai son lasisin yawo da bindiga a ɓoye sai ya nuna halin kirki, ya kuma nuna ƙwaƙƙwaran dalili. Dokar ba ta fassara ƙwaƙƙwaran dalilin ba, ta bar wa alƙali ko kwamishinan 'yan sanda. Mutum na farko da aka ɗaure da ita wani ɗan Italiya ne, aka ba shi shekara ɗaya a kurkukun Sing Sing. Shi kuwa Sullivan bai daɗe yana ganin aikin dokarsa ba. Ciwon hauka ya kama shi a 1912, ya kuɓuce wa masu jinyarsa a 1913, jirgin ƙasa ya take shi, gawarsa ta yi kusan mako biyu a ɗakin ajiye gawa ba a san ko ta wane ne ba, sai da wani ɗan sanda ya gane fuskarsa.

A shekarun 1920 da 1930 jihohi da yawa suka ɗauki irin wannan tsari na barin hukunci a hannun jami'i. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne ƙungiyar masu bindiga ta NRA, wadda daga baya ta zama babbar mai yaƙi da irin waɗannan dokoki, tana cikin masu goyon baya. Shugabanta Karl Frederick ya shaida wa majalisar ƙasa a 1934 cewa bai yarda da yawo da bindiga barkatai ba, ya kamata a taƙaita shi, kuma da lasisi.

Tsarin yana da hujja mai ƙarfi. Jami'in da ya san garinsa yana iya hana mashayi, ko mai dukan matarsa, ko irin su Goldsborough, tun kafin a yi ɓarna. Amma mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Ranar 30 ga Janairu 1956 aka jefa bam a gidan Martin Luther King a Montgomery ta jihar Alabama, matarsa da jaririyarsu suna ciki. Ya nemi izinin ɗaukar bindiga, aka hana shi. Idan mutumin da aka jefa wa bam a gida bai da ƙwaƙƙwaran dalili, wa ke da shi? A birnin Niyok kuwa an daɗe ana ƙorafin cewa lasisin yawo da bindiga na attajirai ne da taurari da shafaffu da mai, yayin da direban tasi ko mai kanti a unguwa mai haɗari za a ce masa tsoron ɓarayi bai isa dalili ba. A 2016 aka gurfanar da wasu jami'an sashen lasisin 'yan sandan birnin bisa karɓar cin hanci.

Guguwar sauyi ta taso daga Fulorida a 1987. Ba ita ce jiha ta farko ba, amma tata dokar ce sauran suka kwaikwaya: duk baligin da ba shi da tarihin babban laifi ko taɓin hankali, ya ba da hoton yatsu, ya yi horo, ya biya kuɗi, dole a ba shi lasisi, ra'ayin jami'i bai shigo ciki ba. A Tekzas, wani ɗan bindiga ya kashe mutum 23 a wani gidan abinci a garin Killeen a 1991. Wata mata, Suzanna Hupp, wadda iyayenta biyu suka mutu a wurin, ta shaida cewa ta bar bindigarta a mota ne don bin doka. Shaidarta ta yi tasiri, Gwamna George W. Bush ya sa hannu a dokar lasisi a 1995. Ilinoi ce ta zo ƙarshe, a 2013, bayan kotu ta tilasta mata.

Ko wannan ya rage kisa ko ya ƙara, nan ma an sha gardama. John Lott ya fitar da littafi a 1998 yana cewa yawan masu lasisi yana rage laifi. Kwamitin masana na ƙasa ya duba alƙalumansa a 2004 ya ce ba su isa a yanke hukunci ba. A 2019 John Donohue na Jami'ar Stanford da abokansa suka ce bayan shekara goma da sassauta doka, laifuffukan zubar da jini sukan ƙaru da kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari.

Dokar Sullivan ta kai shekara 111 kafin a sare mata gwiwa. Ranar 23 ga Yuni 2022, a shari'ar da aka sani da Bruen, Kotun Ƙolin Amurka da alƙalai 6 a kan 3 ta soke sharaɗin ƙwaƙƙwaran dalili. Mai shari'a Clarence Thomas, wanda ya rubuta hukuncin, ya kafa hujja da cewa ba wani 'yanci a tsarin mulki da ake cewa sai mutum ya gamsar da jami'i yana buƙatarsa. Mai shari'a Stephen Breyer, a ɓangaren da bai yarda ba, ya buɗe nasa bayani da adadin mutum 45,222 da bindiga ta kashe a Amurka a 2020 kaɗai. Wani abin da ya ja hankali shi ne lauyoyin da ke kare talakawa kyauta a Bronx da Brooklyn, waɗanda ba a san su da ƙaunar NRA ba, sun roƙi kotun ta soke dokar, domin kusan duk waɗanda suke karewa a kan laifin bindiga ba lasisi baƙaƙe ne da 'yan asalin Latin Amurka.

Kotun ba ta soke lasisi gaba ɗaya ba, ikon jami'i na zaɓen wanda ya ga dama ta cire. Niyok ta yi maza ta kafa sabuwar doka cikin kwana takwas, wadda ta wajabta horon awa 16 a aji da awa 2 a fagen harbi, ta kuma lissafa wuraren da ko mai lasisi ba zai shiga da bindiga ba, kamar makarantu, jiragen ƙarƙashin ƙasa da dandalin Times Square. Wasu jihohin kuwa sun riga sun wuce batun takarda ɗungurungum. Bamont dama ba ta taɓa neman lasisi ba. Alaska ta bi ta a 2003, Arizona a 2010, Tekzas a 2021, kuma ya zuwa 2024 jihohi 29 cikin 50 sun yarda baligi ya saka bindiga a ƙarƙashin riga ya fita ba tare da izinin kowa ba. Kentaki ta shiga wannan sahu a 2019, Luwiziyana kuma a 2024.