Tarihin Birkin Akori-Kura: Daga Dram Zuwa Faifai

A ƙasar Amurka akwai wata al'ada da ta yi ƙarfi a tsakanin masu sha'awar tsofaffin motoci. Mutum zai nemi akori-kura ta shekarun 1950 ko 1960, irin su Ford F-100 ko Chevrolet C10, ya raya ta, ya yi mata fenti, ya fito da ita titi. To amma kafin fenti, kafin ma inji, abin da makanikai ke fara ce masa ya taɓa shi ne birki. Dalilin haka, mai karatu, yana cikin tarihi, domin motar ɗaukar kaya ta sha zama ta ƙarshe wajen samun sabuwar fasahar birki.

Birkin dram da birkin faifai kusan tagwaye ne. A 1902 Louis Renault na Faransa ya fito da na dram, wato wani kwanon ƙarfe mai juyawa tare da taya, wanda ake danne shi daga ciki. A wannan shekarar ce kuma Frederick Lanchester na Ingila ya yi rajistar na faifai, wanda ake matse shi ta gefe biyu kamar yadda awartaki ke kama ƙarfe. Na Lanchester bai karɓu ba, don jan ƙarfe ya yi amfani da shi wajen matsewar, ga ƙara mai sa tsikar jiki tashi, ga saurin cinyewa a hanyoyin ƙura. Sai dram ya ci kasuwa har tsawon rabin ƙarni.

A farko da sanduna da wayoyin ƙarfe ake jan birkin. Malcolm Loughead ne ya kawo dabarar tura shi da mai a cikin bututu, kuma kamfanin Duesenberg ya sa ta a ƙafafu huɗu na motarsa a 1921. Shi kuwa Henry Ford, da yake mutum ne mai taurin kai, ya ƙi yarda da man birki, sai a 1939 motocinsa suka samu.

Ina matsalar dram take? Aikin birki dai shi ne ya mayar da gudu ya zama zafi. In ka ninka gudun mota sau biyu, zafin da birki zai sha ya ninku sau huɗu ke nan. Shi kuma dram a rufe yake, zafin ba ya samun mafita da wuri. Da ya yi zafi sai ƙarfen ya buɗe, ya nisanta daga abin da ke danne shi, sai direba ya ji ƙafarsa tana nutsewa amma motar ba ta da niyyar tsayawa. Ka ɗora wannan a kan mota shaƙe da kaya a doguwar gangara, ka ga abin da ake gudu. Faifai kuwa a fili yake, iska na dukansa, kuma in ya shiga ruwa nan da nan ya bushe.

Masu tseren motoci ne suka dawo da shi. A 1953 motar Jaguar ta ci tseren Le Mans da birkin faifai na kamfanin Dunlop, sannan a 1955 Citroën DS ta fito da shi a ƙafafun gaba. Amma akori-kura fa? Chevrolet ba ta mai da shi ƙa'ida a C10 ba sai 1971, Ford kuma sai 1973 a F-100. Shekara 18 da 20 ke nan bayan Le Mans. Hujjar kamfanonin ba ɓoyayya ba ce: dram ya fi araha, kuma manomi ko magini da zai sayi motar farashi yake fara dubawa.

A ganina ma ba faifan ne babban gyara ba. Tsofaffin motocin nan masta mai rijiya ɗaya gare su, ita ke tura mai zuwa ƙafafu huɗu ta layi guda. Tiyo ɗaya ya fashe, shi ke nan, duk birkin ya tafi a lokaci guda, sai birkin hannu da addu'a. Cadillac da Rambler sun raba layin gida biyu a 1962, kuma daga 1968 doka ta wajabta hakan ga sababbin motocin fasinja a Amurka. Saboda haka mai F-100 ta 1956 da ya sa faifai ya bar tsohuwar mastarsa, ya yi ado ne ya bar tsiraici.

Akwai kuma wani tarko. Akori-kura in ba kaya bayanta ba shi da nauyi, don haka ana taka birki da ƙarfi tayoyin baya kan riga na gaba kullewa, motar ta juya ta kalli inda ta fito. Shi ya sa masu wannan gyara ke haɗawa da wani ɗan bawul mai rage ƙarfin man da ke zuwa baya. Wasu kuma sai sun gama sayen kaya suke gano cewa sabon birkin bai shiga cikin tsohon wilin motar ba.

Mu ma labarin ya shafe mu ta wajen Fijo, wadda aka fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975. Fijo 404 ta fito a 1960 da dram a ƙafafu huɗu. Da 504 ta zo a 1968, ta shiga da faifai gaba da baya. Amma da aka ƙera akori-kurarta, fiye da shekara goma bayan haka, sai aka bar faifan a gaba, aka mayar da dram a baya. Wannan ba rowa ce kaɗai ba: ƙafafun gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa, dram kuma ya fi sauƙin haɗawa da birkin hannu, ya fi jure laka da tsakuwa. Ita ce motar da ta yi shekaru tana jigilar buhunan hatsi da awaki da fasinja tsakanin kasuwannin ƙauye, da kayan da ya ninka abin da injiniyoyin Faransa suka rubuta mata, a kan birkin da ba a ƙara masa komai ba.